Allon Zamiya Mai Yanka: Abin Da Za Ka Saya Da Yadda Za Ka Riƙe Shi

Wani ƙanena ɗan Sabon Gida, wanda ya zo karatu Grenoble a ƙarshen daminar bana, ya turo mini saƙo da tsakar dare. Abokan ajinsa sun ja shi Chamrousse, ya yi hayar allon zamiya na yini ɗaya, ya sha faɗuwa har ya daina ƙirgawa. Amma dab da la'asar ya ga wani dattijo ya sauko daga tudu yana kwantar da jiki kamar mai babur ya shiga kwana, ba ƙara, ba feshin ƙanƙara, sai siririn layi ɗaya da ya bari a bayansa. "Yaya," in ji shi, "irin wannan nake so in iya. Me zan saya, kuma da me zan fara?" Na ba shi amsa a gajarce a daren, daga baya na ga gara in shimfiɗa ta a nan, domin akwai ƴaƴan Madawa da Buza da Keita da dama a Faransa da Kanada waɗanda hunturu ke kulle su a ɗaki wata huɗu, alhali duwatsu na kallon su ta taga.

Ƙanena, abin da ka gani shi nake kira yanka. Mafi yawan masu zamiya a kan dusar ƙanƙara shara suke yi: su juya wutsiyar allo ta goge ƙasa kamar tsintsiya, gudu ya ragu, su sake juyawa. Mai yanka kuwa kan baki ɗaya yake tsayar da allonsa, ƙarfen da ke gefen ya shiga ƙanƙara ya kama, wutsiya ta bi ta cikin tsagar da hanci ya buɗe, kamar yadda garma ke bin kunya ɗaya har ƙarshen gona. Wannan salon ne tushen tseren da aka fara shigarwa gasar Olamfik ta hunturu a Nagano a 1998, inda Karine Ruby ta Faransa ta ci zinariyar mata. Wasan kansa yaro ne, tun da sai a 1965 ne Sherman Poppen ya haɗa wa ƴaƴansa allon farko a Michigan ta Amurka, Jake Burton kuma ya kafa kamfaninsa a 1977. Kai da ka tashi kana ganin ana wasa lauje da fartanya kafin a fita fadama, ka riga ka san rabin zancen: aikin na kaifi ne, kuma duk kayan da za ka saya amfaninsu shi ne su kai nauyinka kan bakin ƙarfen nan ba tare da ya zube a hanya ba.

Don haka daga ƙafa ake farawa. Na san idonka na kan allo, don shi ne mai zane da launi, amma in kuɗinka abu ɗaya za su saya sabo, to takalmi ne. Ka shimfiɗa takarda a ƙasa, ka jingina dunduniya da bango, ka tsaya da nauyinka, ka ja layi a bakin yatsan da ya fi tsawo, ka auna da santimita. Da wannan awon ake sayar da takalman zamiya, kuma ya fi lambar takalminka na zuwa lakwal gaskiya. Ka auna ƙafa biyun, don da wuya su zo daidai, sannan ka auna faɗi. Da yawanmu da muka girma cikin silifa da takalmin fata ƙafarmu ta baje, takalmin Turai na yau da kullum yakan matse mu daga gefe ko da tsawon ya yi daidai. Akwai masu faɗi, ka tambaya. Kada ka yarda a ƙara maka lamba don a huce matsin gefe.

In ka sa shi ka miƙe tsaye, ya kamata yatsunka su taɓa gaba, taɓawa ba lanƙwashewa ba. In ka durƙusa kaɗan ka tura ƙwauri gaba, sai ka ji sun ja baya. Abin da za ka fi sa wa ido shi ne dunduniya: ka ɗaga kanka kan yatsu, in ta zame sama a cikin takalmin, ajiye shi ko da kyauta aka ba ka. Duk lokacin da dunduniya ta ɗaga, umarnin da ka ba allo yakan makara kafin ya isa bakin ƙarfe, kuma a kan gangare wannan ɗan jinkirin ya isa ya kayar da mutum. Ka je gwaji da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safa ɗaya siririya ta ulu, ka zauna da shi a ƙafa minti ashirin kana yawo cikin shago. Sabon takalmi yana buɗewa bayan ƴan kwanaki na aiki, saboda haka wanda ya yi maka daɗi kamar silifa a ranar farko zai yi maka yawa kafin wata ya ƙare. Shaguna da yawa suna gasa cikin takalmin su daidaita shi da siffar ƙafa, ka roƙi a yi maka. Kamfanoni sukan auna tauri daga 1 zuwa 10. Mai son yanka ya nemi na 6 zuwa 8. Mai laushi na masu tsalle-tsalle ne, idon sawu yakan lanƙwashe a cikinsa daidai lokacin da kake buƙatar ya tsaya.

Za ka ga wasu da takalma na roba mai tauri irin na masu siki, a kan allo siriri da faɗinsa bai wuce santimita 18 zuwa 21 ba, suna fuskantar gaba sosai. Su ne ƴan tsere, kuma kamfanoni irin su Kessler na Suwizalan da SG na Ostiriya su suke yi wa aiki. Babu abin da ya kai su kama ƙanƙara mai tauri. Amma kayan na da tsada, samun na haya da wuya, kuma ba sa yafe kuskure. Ka bar su tukuna. Takalmi mai laushin waje da allo mai faɗi za su kai ka nesa ƙwarai kafin ka ji sun gaza maka.

Yanzu allo. Kuskuren da na yi a shekarata ta farko a nan yake, kuma har yau ina jin zafinsa a wuyan hannuna na dama in sanyi ya sauko. Na sayi allo a wata kasuwar gwanjo da ake ci kafin hunturu, mai sayarwa ya dubi tsawona ya ce ya yi mini, ni kuma araha ta ja ni. Ƙafata lamba 45 ce, allon kuwa na masu ƙaramar ƙafa ne. Muddin ina shara ba na jin komai. Ranar da na fara kwantar da shi da gaske a kan bakin yatsu, hancin takalmina ya riga ƙarfe taɓa ƙasa, ya ɗaga bakin sama, allon ya fice daga ƙarƙashina kamar an fizge tabarma. Na kai hannu na tare ƙasa, na yi sati shida da ɗauri. Babu wanda ya gaya mini cewa faɗin ƙugun allo ya fi tsawonsa muhimmanci ga mai yanka.

Ga yadda abin yake. Allo na yau da kullum ƙugunsa wajen santimita 25 ne, wanda ake kira mai faɗi kuma daga 26 zuwa sama. In ƙafarka ta kai lamba 44, fara dubawa daga masu faɗi. Kafin ka biya, ka ɗora takalmin a maɗaurinsa kan allon, ba ƙafa a ciki, ka karkata allon a ƙasa sannu a hankali kan baki ɗaya, ka ga lokacin da takalmi zai taɓa daɓe. In ya taɓa tun allon bai yi nisa da karkata ba, bai dace da kai ba. Ka gwada ɓangaren dunduniya ma, don can maɗaurin kansa yakan fara taɓawa. Sai dai kada tsoro ya sa ka wuce gona da iri, allon da ya fi ƙarfin ƙafa nauyi gare shi wurin sauya baki, sai ka ji kamar kana juya ƙyauren zaure.

Tsawo kuwa nauyin jiki ne ke yanke hukunci. Kowane kamfani yana buga jadawalin nauyin da ya dace da kowane tsawo, ka bi shi. Mai kilo 70 yawanci yana faɗawa tsakanin santimita 155 da 160, kuma mai yanka ya fi cin riba in ya karkata ga mai ɗan tsawo, don bakin ƙarfen da ke taɓa ƙasa ya ƙaru.

Sai siffa. Ka ajiye allon a ƙasa ka durƙusa ka leƙa ta gefe. Wani za ka ga tsakiyarsa ta ɗaga kamar doro, kusa da hanci da wutsiya ne kawai yake taɓa ƙasa. Wani kuma tsakiyar ce a ƙasa, ƙarshensa biyu sun ɗaga kamar kwale-kwale. Na biyun ya fi sauƙi ga ɗan koyo, shi ya sa masu haya suke yawan ba da shi, amma a kan ƙanƙara mai tauri zamewa yake. Mai doro kake so. In ka taka shi, doron ya miƙe ya danna baki tun daga gaba har baya, in ka saki kuma ya mayar maka da ƙarfin kamar baka, ya jefa ka cikin kwana ta gaba. Daga sama kuma ka dube shi, za ka ga ƙugunsa ya tsuke kamar kalangu. Wannan tsukewar ce ke zana kwanar: in aka karkata allo aka danna, gefen yakan lanƙwashe ya zama yankin da'ira, allon ya bi ta da kansa. Ana rubuta girman da'irar da mita a jikin allo ko a takardarsa. Mita 7 zuwa 8 na ba da gajerun kwanoni masu sauri, mita 9 zuwa sama na ba da dogaye masu natsuwa amma suna neman fili da gudu. A hanyoyin Chamrousse da Les Sept Laux, inda jama'a ke cika ranar Asabar, wanda ke kusa da mita 8 ya ishe ka. Ka zaɓi mai gaba da baya, wanda hancinsa ya ɗan fi wutsiya tsawo, mai matsakaicin tauri zuwa sama.

Sayen na hannu ba aibi ba ne, ni ma yanzu shi nake hawa. Yuro 100 ya haura jika 65 na sefa, kuma na san abin da wannan kuɗin ke yi a gida lokacin sayen irin albasa da man injin ban ruwa. Amma ka duba da idon mai sayen rago. Bi bakin ƙarfen da yatsa daga farko har ƙarshe, in akwai tsagewa ko inda ya rabu da jikin allo, bar shi. Matsa gefe ka ga ko ɓawon sama ya fara ɗagowa, don ruwa na shiga nan ya ruɓar da itacen ciki. Ƙarzuwa a ƙasan allo ba komai ba ce, ana cike ta, amma ramin da ya kai ga itace kusa da baki matsala ne. Ka ɗaura sukuru a kowane rami ka ji ko zarensa na kamawa. Sannan ka ajiye shi a daɓe mai kyau, in doron ya mutu allon ya kwanta shame-shame, ransa ya fita.

Maɗaurai ba sa buƙatar dogon zance. Su yi daidai da girman takalmi, su yi tauri kamarsa, kuma faifansu ya dace da ramukan allonka, don allunan Burton na yanzu dogon tsagi gare su maimakon ramuka huɗu. Tsohuwar roba tana karyewa cikin sanyi ba sallama, don haka ka lanƙwasa kowane ɗauri ka duba. Wurin ɗaurawa, masu haya sukan buɗe ƙafafu kamar na agwagwa, ɗaya digiri 15 gaba ɗaya 15 baya. Don yanka, ka juya su duka biyu su kalli gaba: fara da 21 a ƙafar gaba da 6 a ta baya, in ka saba ka ƙara zuwa wajen 30 da 15. Kwankwaso yakan buɗe ya fuskanci inda za ka, yatsu kuma su ja ciki. Majinginin da ke bayan ƙwauri ka ɗan tura shi gaba, shi ne ke sa bakin dunduniya ya kama da wuri. Ka canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, ka sauko sau biyu ko uku, ka ji bambanci. Ƙaramin turnabis ya zauna a aljihunka kullum, kuma kowace safiya ka bi sukurorin ka ɗaure, girgiza na kwance su.

Hular kwano sabuwa za ka saya, mai alamar EN 1077 a ciki, domin wadda ta taɓa shan bugu tana iya zama lafiya a ido alhali cikinta ya murƙushe. Ka haɗa da makarin wuyan hannu, don karayar da ta fi samun ƴan koyo ke nan, ni shaida ne. Tabarau ma dole ne. Sabuwar dusar ƙanƙara tana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken rana mai ƙona ido, kuma baƙar fatarmu ba ta kare ƙwayar ido. Kada ka sa rigar auduga a jikin fata, tana shan gumi ta riƙe, da ka zauna a kujerar hawa tudu sai ta zama ƙanƙara a bayanka. In ka yi alwala a can sama, ka tsane ƙafa sarai har tsakanin yatsu kafin ka mayar da safa.

Kulawa ita ce inda na fi so ka ji ni, don a nan ne kayan mai ƙaramin ƙarfi ke daɗewa ko su mutu. Abokiyar gabar farko tsatsa ce. Allo ya sauko jiƙe, aka cusa shi cikin jaka aka rufe, kwana biyu sun isa bakin ya yi ja. Ka ajiye tsohon tawul don wannan kawai. Da ka dawo, kakkaɓe ƙanƙarar da ta maƙale a maɗaurai, goge bakin biyu daga hanci zuwa wutsiya, ka jingine shi a buɗe ya kwana. Takalma kuma ka zaro cikinsu su sha iska a ɗaki, nesa da na'urar ɗumama ɗaki, domin zafinta na lalata siffar da aka gasa maka. In sun bushe ka mayar, ka ɗaure igiyar sako-sako don kada harshen ya karkace.

Gwajin kaifi irin na gida ne: goga bayan farce a hankali a kan bakin, in ya kankare ɗan farin gari, da sauran kaifi, in ya zame sumul, ya dakushe. Ka gwada wuri uku ko huɗu, musamman tsakanin ƙafafu inda aiki ya fi yawa. Yawancin lokaci ɗan dutsen washi mai ƙurar lu'ulu'u, a jiƙa shi da ruwa, ya isa ya share ƴar ƙarzuwar da duwatsun hanya suka bari. Magagari sai an ga dole, domin ƙarfen bai wuce kaurin milimita biyu ba, kuma abin da ka ci ba ya dawowa. In za ka sa magagari, sai da maƙalin da ke riƙe kusurwa, kada ka yarda da hannunka kaɗai. Masu yanka sukan so gefen a digiri 88, ƙasan kuma a karkace da digiri 1. Karo na farko ka kai shago su saita maka, ka tambaye su lambar da suka sa, ka rubuta, daga nan ka riƙa binta. Kullum daga hanci zuwa wutsiya ake ja, da sassauƙan hannu. Ɗan ƙarshen hanci da na wutsiya, inda suka ɗaga ba sa taɓa ƙasa, a bar su da dakushi don kada su kama ba shiri. Tsatsa in ta fito, akwai wani dutse mai laushi kamar magogin fensir da ke ɗauke ta ba tare da ya ci ƙarfe ba.

Ƙasan allo kuma kaki yake sha, kamar yadda sirdi da linzami ke shan mai. In ka ga ya yi fari-fari ya bushe kusa da baki, yana jin ƙishi, kuma na mai yanka nan yake fara bushewa. Bayan kowace fita uku ko huɗu ka ba shi. Ka sassauta sukurorin maɗaurai tukuna, ka goge datti, ka buɗe taga. Dutsen guga na musamman ya fi, amma tsohon na tufafi ma na yi in ba zai sake komawa kan riga ba. Zafin da ake buƙata a rubuce yake a jikin kwalin kakin, yawanci tsakanin digiri 120 da 140. In hayaƙi ya tashi, wuta ta yi yawa. Ɗiga kakin a jere, ka baza shi da dutsen yana tafiya ba tsayawa, domin tsayawa wuri ɗaya na iya ƙona ƙasan ko ya saki gam ɗin ciki. Bari ya huce aƙalla rabin awa, ka kankare da makankarin roba har ka ga kamar ba ka sa komai ba, sannan ka bi da buroshi. Wanda ya shige ciki shi ne mai aiki, na saman jan gudu kawai yake. Kaki mai sinadarin fulorin kada ka saya ko an karya farashi, hukumar wasannin zamiya ta duniya, FIS, ta hana shi a gasanninta tun kakar 2023 saboda illarsa ga ruwa da lafiyar mai shaƙa.

In kaka ta ƙare a watan Afrilu, ka wasa bakin, ka zuba kaki mai kauri har ya rufe ƙarfen, ka bar shi ba kankarewa sai Disamba. Cire maɗauran, ka zuba sukurorin a ƙaramar leda ka manna a jikinsu. A ajiye allon inda babu laima kuma babu zafi, ba a kan siminti tsirara ba, ba kuma a ɗora masa akwati. Ka ce kana tunanin kai shi gida hutu ka gwada a kan tudun yashi. Ana yin haka a Taghit ta Aljeriya da Merzouga ta Maroko, amma da tsofaffin alluna ko waɗanda aka ƙera don yashi, domin rairayi na cinye ƙasan allo cikin yini ɗaya. Ɗakin kwano a Sabon Gida cikin watan Mayu kuma, da zafin da ya haura digiri 40, ba wurin ajiyarsa ba ne. In dusar ƙanƙara kake nema a nahiyarmu, tana Oukaïmeden a saman Marrakesh, da Afriski a Lesoto inda sanyinsu ke zuwa daga Yuni zuwa Agusta.

Abu ɗaya da ya shafi ranka da na wasu: mai yanka yana ratsa hanya daga gefe zuwa gefe, wanda ke tahowa daga sama kuma ba ya zaton haka. Doka ta ba na ƙasa fifiko, amma fifiko ba ya ɗora ƙashi. Ka waiga sama kafin ka fara, musamman in za ka juya ta ɓangaren da bayanka ke kallo. In ana sayar maka da tikitin hawa tudu, ka ƙara ɗan kuɗin inshora, don ɗauko wanda ya ji rauni a hanyoyin zamiya na Faransa biya ake yi.

Ka fara a hanya mai alamar kore ko shuɗi, da sassafe, lokacin da injin gyaran hanya ya gama daidaita ta kuma jama'a ba su fito ba. Karkata allon kawai ka jira, kada ka tura wutsiya, shi zai juya da kansa. In ka tsaya, waiga ka dubi sawunka: faffaɗa shara ce, siriri yanka ne. Asabar mai zuwa ka same ni a tashar mota ta Grenoble bayan sallar asuba, ka zo da takardar da ka auna ƙafarka da safar ulun. Za mu hau da na haya mu gwada faɗi biyu, da yamma mu bi ta shagon takalma.